Ɗibar Wuta Daga Gidan Indiyawa

Wanda ya yi ƙuruciya a ƙauyukan Kurfai ya san aiken asuba. Ana idar da salla inna za ta tona tokar murhu da ɗan kara, ta tarar garwashin da ta binne jiya da dare ya mutu. Ba ta ɓata baki. Tsingaro za ta miƙo maka, ta ce, "Maza je gidan gwaggonka ka ɗebo mini wuta." Ka fita cikin ɗari kana ɗaga kai bisa danga, don ka ga gidan da hayaƙi ya riga tashi. Ka yi sallama: "Gwaggo, inna na gaishe ki, ta ce a sam mata wuta." Ita kuwa ta ce, "Shigo ɗana, kawo nan." Sai ta fara shimfiɗa toka a tsingaron don kada ya ƙona maka hannu, ta ɗora garwashi biyu ko uku, in akwai iska ta ƙara ɗan busasshen kashin shanu ya riƙe wutar. Ka juyo da sauri kana kāre ta da tafin hannu.

Ban taɓa jin gidan da aka hana wuta ba, ban kuma taɓa ganin an biya ko dala ba. Wadda ta bayar tata ba ta ragu, tukunyarta ba ta fasa tafasa ba. Sai dai ita wutar aro tana da sharaɗinta: sai an sami mai tashi ya je, sai an tsare ta a hanya, sai kuma ta tarar da kara da mai hurawa a gida. Garwashi nawa ya mutu tsakanin gida biyu saboda yaro ya tsaya wasa!

Abin da ya dawo mini da wannan aike shi ne karanta labarin ƴan ƙasar Indiya da duniya ta ba manyan lambobin yabo. Mu nan in an ce Indiya, fim ne ke fara faɗo mana a rai, sai kwalayen magani, sai masu hali da ke tafiya can jinya. Amma jerin mutanen nasu yana da tsawo. Rabindranath Tagore ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1913, shi ne kuma na farko da ya same ta ba Bature ba. C. V. Raman ya sami ta kimiyya a 1930 kan binciken haske. Subrahmanyan Chandrasekhar ya samu a 1983 kan rayuwar taurari da mutuwarsu. Kailash Satyarthi ya raba ta zaman lafiya da Malala ta Pakistan a 2014, saboda yaran da ya ƙwato daga aikin bauta. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni dai ɗan ƙauye ne, kuma awon da na iya shi ne na inna: hayaƙin na hango shi daga nesa, to wutar wane ce ta iso murhun Filinge, da Shikal, da Tukunus?

Wadda ta fi kowace isowa ta wani likitan yara ce da mutanenmu ba su taɓa jin sunansa ba, Dilip Mahalanabis. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladesh, miliyoyin mutane suka tsallaka cikin Indiya gudun hijira. Damina ta same su a sansani, kwalara ta ɓarke. Shi yana aiki a wani gari na bakin iyaka mai suna Bangaon. A wancan zamani maganin mai amai da gudawa da aka saba da shi ɗaya ne, ƙarin ruwa ta jijiya. Ruwan ya ƙare, masu iya sa allurar ba su taka kara sun karya ba, mutane kuwa kwance a ƙasa har babu wurin aje ƙafa. Kusan uku cikin kowane goma na waɗanda cutar ta kama mutuwa suke yi.

Ya san cewa masu bincike a Daka da Kalkata sun riga sun nuna wani abu tun shekarun 1960: hanjin mai gudawa, duk da ya ƙi riƙe ruwa, in gishiri ya zo masa tare da sukari yakan tsotse su, ruwa kuma ya bi su ya shiga jiki. Ka ga shi ma ɗebo wutar ya yi. Amma har lokacin abin yana hannun likitoci cikin asibiti, ana ganin bai kamata a sakar wa kowa da kowa ba. Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukarin gulukos da hodar soda cikin gangunan ruwa mai tsabta, ya miƙa kofi ga uwaye da ƴan'uwan marasa lafiya, ya ce su yi ta ba su suna kurɓa. Cikin mutum fiye da 3,000 da aka yi wa haka, mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Wannan shi ne ƙullin garin nan da ake ba mata a ɗakin shan magani, wanda ma'aikatan lafiyarmu ke kira SRO. Ina tuna wani dare na bazara da ɗan ƙanwata, yana ɗan wata goma, ya kama zawo har maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma. Tsofaffi suna cewa haƙori ne, a bari ya wuce. Uwar ta tuna abin da aka koya musu wurin awo, ta dafa ruwa ya huce, ta kaɗa ƙulli ɗaya, ta kwana tana ɗura masa da cokali, in ya amayar ta jira kaɗan ta sake. Kafin amalanke ya kai su likita da hantsi yaron ya fara kama nono. Yau shi ke riƙe garmar shanun gidansu. Ita ba ta san akwai wani gari Bangaon ba, kamar yadda mai cin tuwo ba ya tambayar daga gidan wa aka ɗebo wutar da ta dafa shi. Mahalanabis bai taɓa neman a rubuta haɗin da sunansa don ya ci riba ba. Yabon ma ya yi jinkirin zuwa: wata jami'a a Amurka ta karrama shi a 2002, ƙasar Tailan ta ba shi lambar Yarima Mahidol a 2006, ya rasu a Kalkata cikin Oktoban 2022. Da ni ke rabon lambobi, da shi zan fara.

Akwai wutar girki, akwai kuma wadda ake kunna fitila da ita a ga abin da ke cikin ɗaki. Ta Amartya Sen irin ta biyun ce. An haife shi a 1933 a yankin Bengal, yana ɗan shekara tara yunwar 1943 ta faɗa wa ƙasarsu, ta ci mutum wajen miliyan uku. Abin da ya tsaya wa yaron a rai shi ne ba kowa ta taɓa ba. A gidansu da gidajen abokan karatunsa ba a fasa ɗora tukunya ba. Waɗanda ke zubewa a bakin hanya ƴan ƙodago ne marasa gona, da masunta, da masu ƙananan sana'o'i. Da ya girma ya zama masanin tattalin arziki sai ya koma ya bi lissafin shinkafar wannan shekara, ya tarar abincin da ke Bengal a 1943 bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Yaƙin duniya ne ya hura farashi, masu hali suka ɓoye, ladan ɗan ƙodago ya tsaya inda yake. A littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa ya bi ta Habasha, da ta Bangaladesh, har da babi guda kan tamu ta Sahel ta farkon shekarun 1970. An ba shi Nobel a 1998.

Tsohon Bakurfaye ba ya bukatar a fassara masa wannan magana, don a jikinsa aka rubuta ta. A 1931 fara ta cinye gonakin yammacin Nijar, amma harajin Nasara bai tsaya ba, mutane suka sayar da abin da ya rage don su biya. A farin 1973 makiyayi ya ga abu biyu sun haɗe masa: dabba ta rame ta faɗi a kasuwa, tiyar hatsi ta hau, saniyar da a da ke cika masa rumbu ta koma ba ta ciyar da gida wata guda. Yadda aka yi da abincin agaji a lokacin yana cikin dalilan da Seyni Kunce, ɗan Fandu nan kusa da mu, ya bayar da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Ta 1984 kuwa Hausawan Nijar da dama sunan El Buhari suka sa mata, don rufe iyakar Nijeriya da Buhari ya yi ya toshe hanyar hatsi da ta ci-rani a lokaci guda. Talakan da ya raɗa wa yunwa sunan mai rufe iyaka ya riga ya gane cewa ba sama kaɗai ke kawo ta ba.

Ta 2005 da idona na gan ta. Buhuna jibge a rumfunan kasuwa har sama, mutum ya jawo akuyarsa ta ƙarshe, ya sayar, ya tsaya gaban mai awo yana juya kuɗin a hannu. Damina ta gaza a 2004, fara ta taɓa wasu wurare, amma giɓin bai kai girman wahalar ba. Jihar Maradi, rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika da yara masu tamowa. Aka daɗe ana gardama ko a kira abin yunwa ko kada a kira, ana sayar da hatsi da rahusa ga mutanen da ko kuɗin rahusar ba su da shi, kafin a yarda a yi rabo kyauta. Sen ya riga ya faɗi maganin: a ba mutane aikin da za a biya su tun kafin su sayar da bisashe da iri, a tsare farashi, a bar jarida da masu magana su yi kururuwa da wuri, don mai mulkin da ke jin kunyar bakin jama'a ba ya barin yunwa ta yi nisa. Bankunan hatsi na ƙauyuka, da jinginar amfanin gona lokacin kaka don kada manomi ya karyar da shi, da aikin gyaran fako da ake biya da kuɗi ko abinci, duk suna cikin hasken wannan fitila. Amma fitila ce mai son a riƙa ƙara mata mai. Bankin hatsi nawa muka gani an buɗe da guɗa, bayan shekara uku sai kwado a ƙofa da ɓeraye a ciki, don waɗanda suka ci bashi sun ƙi biya?

Wani abin da ya fi faranta mini rai shi ne na tarar ba kullum mu ke riƙe da tsingaro ba. Akwai ranar da hayaƙin daga gidanmu ya fara tashi. Hatsin nan da muke dakawa, gero, a Sahel aka fara mai da shi abin shuka. Masu tonon tarihi sun sami alamarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ta shekara wajen 4,500. Daga hannu zuwa hannu ya ƙetare teku ya isa Indiya fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Can suna kiransa bajra, kuma a jihar Rajastan mai rairayi da zafi irin namu, shi ne abincin talaka har gobe.

Yunwar Bengal ɗin nan da ta tayar da Sen ita ce kuma ta sa wani saurayi, M. S. Swaminathan, ya zaɓi ilimin noma. Shi ya yi aiki da Norman Borlaug a shekarun 1960 suka kawo irin alkama mai gajeren kara da yawan tsaba, wanda ya fitar da Indiya daga dogaro da jiragen agaji. Da aka ƙirƙiro Kyautar Abinci ta Duniya, shi aka fara ba a 1987. Yana da hannu a kafa cibiyar ICRISAT kusa da Haidarabad a 1972, wadda aikinta binciken abincin ƙasashe masu ƙarancin ruwa ne: gero, dawa, gyaɗa. Reshenta na Sahel yana nan Sadore, kudu da Yamai kan hanyar Sayi. Masu binciken cibiyar sun ɗauki wani gero na manoman arewacin Togo mai suna Iniadi, mai saurin nuna da manyan tsaba, suka fitar da iri daga jikinsa wanda manoman Indiya suka rungume. Daga baya aka lura yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da saura, aka ƙara tace shi ya zama Dhanashakti. Mahalingam Govindaraj ya karɓi lambar Borlaug ta matasan masu bincike a 2022 saboda wannan aiki. A 2018 kuma Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta saki irin geron nan mai ƙara jini, da sunan Chakti. Wutar da kakanninmu suka bayar ce ta zaga duniya ta dawo ƙofar gida. A ƙasar da mata masu ciki da yara ke fama da ƙarancin jini, kuma fura ce abincin safe da rana, ban ga dalilin da zai hana kowane magidanci ya ware ɗan gefe a gonarsa ya gwada ba, ba tare da ya yar da irin gidansu da ya san halinsa ba. Indiya ce ma ta kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya aka ware 2023 ta zama shekarar gero da danginsa.

Haka zancen ruwa. Rajendra Singh, wanda birnin Sitokholm ya ba kyautar ruwa a 2015, daga bakin wani tsohon ƙauye a gundumar Alwar ya koyi tare ruwan sama da ƙananan madatsun ƙasa irin na kakanni, har rijiyoyi suka dawo, kogin Arvari da ya ƙafe ya sake gudu. Wanda ya taɓa haƙa rabin wata ko tassa a fakon da ke bisa tudun Dallol Boso zai ce ai wannan sana'armu ce. Gaskiyarsa. A 2018 ma an karrama Yakuba Sawadogo na Burkina Faso kan ramukan zai, tare da Tony Rinaudo da ya yi aiki da manoman Maradi kan barin kututture ya sake tsiro a gona. A nan kusan kunnen doki muke da kowa.

Inda nake jin ciwo shi ne nono. Wannan garwashi yana can jajir a murhun maƙwabci, mu kuwa har yanzu ba mu aiki yaro da gaske ba. Verghese Kurien injiniya ne da gwamnati ta tura wani ƙaramin gari mai suna Anand a 1949, ba da son ransa ba. Ya tarar da ƙungiyar masu shanu da Tribhuvandas Patel ya jagoranci kafawa a 1946, don sun gaji da ɗan kasuwa guda da ke yanka musu farashi yadda ya so. Ya zauna da su har ƙarshen aikinsa. Tsarin ba shi da wuyar faɗi. Kowane ƙauye yana da wurin tara madara safe da yamma. Mace ta kawo ko da lita ɗaya ce, a auna yawanta, a gwada maiƙonta a gabanta, a biya ta ba jira. Mota ta kwashe zuwa ma'aikata, ma'aikatar kuma ta masu shanun ce, su ke zaɓen shugabanni, su ke ɗaukar ƙwararru aiki. Rarar lokacin yalwa a mai da ita gari a ajiye wa lokacin ƙaranci. Sunan kayansu Amul. Da Turai ta ba Indiya kyautar madarar gari daga 1970, Kurien bai bari an watsa ta kasuwa ta karya ta gida ba. Sayar da ita aka yi, aka gina ma'aikatu da kuɗin. Zuwa 1998 Indiya ta wuce kowace ƙasa yawan madara. Shi kuma ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 1989.

To dubi abin da Allah ya ba mu. Saniyar Azawak, wadda ake yabon nononta a duk Sahel, a Tukunus arewa da Filinge ake tace irinta tun zamanin Nasara, har wasu ƙasashe na zuwa neman bijimai. Ga ruwa kusa a cikin Dallol. Ga Fulani da Buzaye da Kurfayawa da suka gāji kiwo. Ga Yamai, kilomita 180 kawai, cike da masu shan madarar gari ta ƙetare. Da damina nono ya yi yawa har mai talla ta rasa mai saye, abin da ba a yi cuku ko man shanu da shi ba ya lalace; da rani kuwa yaro ya sha fura da tsamiya. Ba a ce ba a taɓa komai ba: akwai wurin tara madara a Hamdallaye, kan wannan hanya tamu, wanda ke kai wa ma'aikatun babban birni. Na kuma san rashin kwanciyar hankali ya takura wa makiyaya ta wajen Abala da Sanam, ya hana garke zuwa inda ya saba. Amma matan da ke cikin gari da kewaye, masu saniya ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, irinsu ne suka gina Amul, ba masu garke dubu ba.

Kirana ga ƴaƴan Kurfai da suka yi karatun dabbobi, da lissafi, da kasuwanci, waɗanda ke Yamai da waɗanda ke waje, da kuma ƴan kasuwarmu masu motoci a hanyar Baleyara. Ku zauna da ƙungiyoyin mata na ƙauye biyu ko uku. A samo ma'auni na gaskiya, da abin gwada madara, da firji mai aiki da hasken rana, da mutum guda amintacce mai riƙe littafi wanda kowa zai iya buɗewa ya duba. A aika mutum biyu Hamdallaye su kwana bakwai su ga yadda ake yi, su tambayi abin da ya ba su wuya. A fara da daminar bana, kuma duk wadda ta kawo nono da safe a ba ta kuɗinta kafin ta koma gida.